Giya na zamewa a tsohuwar motar haibirid: mai ne, kuloci ne, ko batir?

Mai Civic:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san motocin haibirid, masu gyara da masu hawa. Honda Civic Hybrid ce gare ni, ƙirar 2008, 'yar Beljiyam. Na saye ta bayan cire tallafin mai a 2023, kuma ta wajen shan fetur alhamdulillahi ba ni da ƙorafi. Damuwar wajen tashi take. In na tsaya a danja na saki birki na taka totur, sai ta kama karkarwa har ina ji a sitiyari da kujera, da ta ɗan miƙa sai ta daina. A kan hanya kuma, ina tafiya a hankali ƙafata ba ta motsa ba, takan riƙa fizga kaɗan-kaɗan. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne hawa gadar sama da iyali a ciki da esi a kunne: injin ya yi ta ƙugi, allurar juyin injin ta hau, amma motar ba ta ja. Bakaniken da na kai wa ya ce giya ta tafi, in shirya kuɗin giyabos. Kafin in taɓa kuɗin makarantar yara, ina so in ji ta bakinku.

Oga Bakanike:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, ba zan ɓoye maka ba, wannan karkarwar mun san ta. Faibar kulocin tashi ce ta fara cinyewa. In ta fara haka sai dai a lallaɓa, amma ƙarshenta canji. Shawarata ka fara cigiyar giyabos mai kyau tun yanzu, a Ƙofar Ruwa ko Panteka, in ba a samu ba a aiko maka daga Ladipo. Kuma don Allah kada ka bari a juye man da ke ciki. Tsohuwar giya in ka taɓa mata mai, ranar za ta kwanta.

Injiniya:
Oga, a yi haƙuri, kafin a kai ga giyabos akwai tambayoyi. Malam Mai Civic, yaushe aka canza man giyar, kuma wane mai aka zuba? Sannan lokacin da ta ƙi ja a kan gada, ka lura da ma'aunin batirin haibirid a dashbod? Sandunan nan na taimako sun fito, ko batirin ne ya zube ƙasa? Akwai fitilar IMA (tsarin haibirid na Honda), ko ta injin, ko harafin D yana ƙyaftawa? Alamomi uku ka lissafa, kuma ba lallai ciwo ɗaya ne ya haife su ba.

Mai Civic:
An canza man a sabis ɗin da aka yi mata watannin baya. Jan mai ne daga galan, yaron garejin ya ce na otomatik ne, kowace mota ana zuba mata. Maganar batir kuwa, tabbas nakan ga ya cika, can sai ya faɗo sanda ɗaya ko biyu lokaci guda, daga nan motar ta yi nauyi har sai ya sake hawa. Ranar gadar ma a ƙasa yake. D ba ya ƙyaftawa. Fitilar injin ta taɓa kamawa ta mutu da kanta.

Injiniya:
To ga bakin zaren. Bari in faɗi yadda giyar take, domin in an gane ta sauran maganar za ta zo da sauƙi. Civic Hybrid daga 2006 zuwa 2011 duk CVT ce, ba ta da giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Fuli biyu ne a ciki, kowanne da fuska biyu masu matsewa da buɗewa, sai bel na ƙarfe a tsakaninsu, wanda aka yi da ɗaruruwan ƙananan faranti a jere kan zobban ƙarfe. Matsin mai ne yake sa fulin su damƙe bel ɗin. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen injin markaɗe ya ga abin da ke faruwa idan bel ya saki: injin na ihu, dutse ba ya juyawa. To haka yake a nan, sai dai wannan ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma duk zamewa ɗaya tana barin tabo a jikin fuli.

Abu na biyu, wannan giyar ba ta da konbatar da sauran motoci masu otomatik ke da ita, wato abin da ke haɗa injin da giya ta hanyar mai. A madadinta akwai kulocin tashi, faranti ne na faiba da ƙarfe a jere cikin mai, kwamfuta ce ke matse su a hankali duk lokacin da ka tashi daga tsaye. Idan man ya tsufa, ko ba nasa ba ne, farantin ba sa kamawa sumul. Sai su kama su saki, su kama su saki, wannan ce karkarwar da kake ji a kujera. Sanannen abu ne a wannan jinsin giya, har a Amurka kamfanin ya tsawaita garanti a kanta ga Civic Hybrid na 2003 zuwa 2005.

Jan man otomatik na kowa da kowa an yi shi ne domin wata irin giya dabam. Taka tana son man CVT na Honda, wanda ake rubuta wa HMMF. A kula, akwai wani na Honda ɗin mai suna HCF-2, na sababbin motoci ne, ba na wannan ba. Ni a ganina kafin a kwance ƙusa ɗaya a jikin giyabos, a fitar da man nan tukuna.

Oga Bakanike:
Injiniya, bayaninka daidai ne a takarda, amma mu da hannunmu muke gani. Mota ta shigo da ƙafarta, mai ita ya matsa a canza mata man giya, an canza, ta ƙi fita daga gareji. Garin faibar da ya narke a cikin tsohon man shi ke taimaka mata ta kama. Ka zubar da shi, ka zubar da ƙarfinta. Kuma idan ta kwanta a hannunka, kai za a ce ka kashe ta.

Injiniya:
Na yarda kana ganin hakan, Oga, kuma na san nauyin da ke kan mai gyara idan mota ta mutu a gabansa. Amma giyar da sabon mai ya kwantar, dama ta gama, kwana kawai take ƙirgawa. Kuma yawanci abin da ke kawo wannan shi ne wanke giya da inji mai turo mai da ƙarfi, wanda ke tayar da dauɗa ya cusa ta cikin ƙananan hanyoyin mai. Ni ba wannan nake nufi ba. A kwance ƙusar ƙasa, abin da ya fito ya fito, kusan lita 3 ne, a mayar da daidai shi. A zaga da motar, a sake, har sau uku, domin juyewa ɗaya ba ta fitar da duk man da ke ciki. Sannan a maganar Malam, man da ke ciki ba tsohon nata ba ne da za a ce a bar mata, baƙon mai ne. Kullum ya kwana a ciki bel ne ke biya.

Rewaya:
Ni ta ɓangaren wuta zan shiga. Abin da ya faɗa na batir ya cika sai ya faɗo lokaci guda, wannan alamar batirin IMA ne da ya gaji. Kwamfutar na zaton akwai caji, sai ta gano babu, sai ta yanke taimako ta koma cajin dole. Injin motar nan 1.3 ne kacal, ƙarfinsa doki 93, motar lantarkin, wato injin lantarkin da ke taya shi, ke ƙara masa kusan doki 20. To ka cire taimakon, ka ɗora masa cajin batir, ga esi, ga mutane, ga tudu. Dole ya yi ihu. Ita kuma CVT ɗabi'arta ce ta bar allura ta hau ta tsaya a sama, gudu ya biyo daga baya. Mutane da yawa suna kiran wannan zamewa alhali giya lafiya take.

Ga yadda ake rarrabewa. In allura ta hau a hankali ta tsaya, gudu na ƙaruwa ko da kaɗan-kaɗan ne, rashin ƙarfi ne. In kuwa ta yi tsalle farat ɗaya kamar an sa mota a firi, sannan ta dawo da bugu, wannan zamewa ce ta gaske. Malam, wanne ka gani?

Mai Civic:
Na farkon ne, Oga Rewaya. Ba ta yi tsalle ba, hawa ta yi ta tsaya, motar na tafiya amma da ƙyar.

Rewaya:
To bel ɗinka da sauransa in sha Allahu. A sa mata kwamfuta a duba. In ta nuna lambar matsala P0A7F, batir ne ya raunana. Fizgar da take yi a tafiyar hankali kuma, ni EGR nake zargi, bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin injin. In ya toshe da baƙi ko ya fara makalewa, fizgarsa sak ta giya. A duba fulogi ma. Injin nan fulogi 8 gare shi, biyu a kowace silinda, kuma sau da yawa huɗun gaba kawai ake canzawa a bar na baya, saboda yaran ba su san da su ba.

Hajiya Mai Prius:
Sannunku da ƙoƙari, ina ta karantawa. Tawa Prius ce ƙirar 2007, kuma ta yi min kusan irin wannan a bara. In na taka sai injin ya yi ta gurnani, motar ba ƙarfi, ga wata fanka a kujerar baya tana ta huci ba ta tsayawa. Ni ma giya aka ce min, har an kawo min farashi. Ɗana ne ya hana, ya ce a fara sa kwamfuta. Batir ne. Da aka gyara shi ko man giya ba a taɓa ba ta dawo daidai. Shi ya sa nake ganin kamar duk maganar ta batir ce.

Injiniya:
Hajiya, Allah ya yi wa yaron albarka, ya tsare miki kuɗi. Sai dai ciwon naku ba iri ɗaya ba ne, ko da alamar ta yi kama. Ita Prius, da Camry Hybrid, da Highlander Hybrid, da Lexus RX 400h, babu bel da fuli a giyarsu, babu kulocin tashi, babu konbata. A taki Prius ɗin haƙoran ƙarfe ne rukuni guda: ɗaya a tsakiya, ƙanana suna kewaya shi, babban zobe ya rufe su. Injin fetur na juya mariƙin ƙananan, ƙaramar motar lantarki da ake kira MG1 na riƙe da na tsakiya, zoben kuma shi ke kaiwa ga taya tare da babbar motar lantarki MG2. Haƙoran a sarƙe suke kullum. Ko ribas ba ta da giyarsa, MG2 ce ke juyawa baya. Saboda haka idan mai Prius ya ce min giyarsa na zamewa, batir nake fara tambaya, sai ruwan sanyaya inbata (na'urar da ke sarrafa wuta tsakanin batir da motocin lantarkin), sai lafiyar injin kansa. Giya ce ta ƙarshe.

Na Malam kuwa akwai abin da zai iya zamewa da gaske, har guda biyu. Shi ya sa ba za mu ce masa batir ne kaɗai ba. Karkarwar tashi ba ta batir ba ce.

Oga Bakanike:
Injiniya, kada ka ce babu abin da ke zamewa a Toyota. Akwai faranti tsakanin injin da giya, mai sifirin a jiki, kamar na kulocin mota mai giyar hannu. Na kwance da hannuna.

Injiniya:
Gaskiyarka, Oga, yana nan. Aikinsa shanye bugun injin, kuma an yi shi ya zame idan ƙarfi ya wuce kima domin ya kare haƙora. Ba ya buɗewa ya rufe kamar kuloci. Idan sil ya yi yoyo mai ya jiƙa shi, zai iya zamewa, kuma idan injin na tsallake wuta yakan yi ƙara kamar ana buga guduma. Amma ba kasafai ba. Wanda ya zo da ƙugi da rashin ƙarfi, ba daga nan zan fara ba.

Alhaji Dillali:
Ni maganata gajeriya ce. Wanda zai sayi tsohuwar haibirid ya sayi Toyota ya huta. Malam Mai Civic, ka gyara ta iya gyaruwa ka sayar tun tana tashi da kanta. A kasuwa da ka ce Civic Hybrid mai saye ya fara ja da baya.

Mai Civic:
Alhaji, na gode, amma ba zan iya miƙa wa wani bawan Allah mota da ciwo a ɓoye ba. In zan sayar sai na faɗi abin da ke damunta, in na faɗa kuma ka san farashin da za a ba ni. Gara in san gaskiyar ciwon tukuna.

Alhaji Dillali:
Ban ce ka ɓoye ba, Malam, Allah ya kiyaye. Abin da nake nufi, motar nan ta haura shekara 15, kuma lambar tafiyar da ke dashbod ɗin 'yar Beljiyam ba kullum ce ta gaskiya ba, mu da ke cikin sana'ar mun sani. Yau man giya, gobe batir, jibi kuloci. In ka tara kuɗin sai ka ga rarar fetur ɗin ta tafi.

Rewaya:
Alhaji, Toyota ma ba huta ba ce kai tsaye. Batirin Prius na 2004 zuwa 2009 gida 28 ne a jere, wuta bolt 201.6. Gida ɗaya ya mutu, duka ya ja su ƙasa, sai jan alwatika ya fito a dashbod, kwamfuta ta nuna P0A80. Kuma Prius ba ta da kik irin na sauran motoci, da babban batirin take tayar da injin. Ranar da ya mutu, ta zauna. Ita Civic tana da kik na ko-ta-kwana mai aiki da ƙaramin batir, za ta tashi. Akwai kuma famfon ruwan inbata na Prius ɗin, wanda Toyota da kanta ta kira motocin aka canza a Amurka. In ya tsaya, inbata ta yi zafi, motar ta rage ƙarfi a tsakiyar hanya, lambarsa P0A93. Shi ma na sha jin an kira shi giya. Gwajinsa ba wuya: mota na kunne, ka leƙa tankin ruwan inbata, in ruwan ba ya motsi famfo ya tsaya.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan abin da ke cin motocin nan zafi ne da ƙura. Ina da Camry Hybrid 2009. Watan azumin da ya faɗo cikin bazara ta riƙa yin nauyi da rana, da dare kuma lafiya lau. Da aka buɗe fankar batir, ƙurar hunturu ta daskare a jikin fukafukanta kamar an shafa laka, iska ba ta wucewa. Batir in ya yi zafi kwamfuta na rage masa aiki, sai injin ya ɗauki lodin shi kaɗai. Wankewa kawai aka yi. Ina ba kowa shawara, duk ƙarshen hunturu a buɗe fankar nan, kuma a daina toshe ramin shan iskar da kaya ko filo. Mai Civic, taka ma a bayan kujerar baya batirin yake, ka sa a duba.

Baba Direba:
'Ya'yana, ni tambaya gare ni. Shekaruna da yawa a kan sitiyari, kuma mun saba in an shiga gosulo a sa mota a firi domin giya ta huta. Yanzu yarona ya ba ni Prius ina ɗan jigila da ita. Haka nake mata. Akwai laifi?

Injiniya:
Baba, a wannan motar akwai. Prius in tana N, wato firi, ba ta cajin babban batir ko da injin na aiki. Kana tsaye, esi na ci, batir na zubewa, kuma tsohon batir ba ya son a kai shi ƙasa. In tsayuwar gajeriya ce ka bar ta a D ka taka birki sosai, in ta yi tsawo ka danna P. Babu faibar da za ta ƙone a ciki balle a ce tana hutawa.

Masu Civic kuma nasu kashedin dabam ne: kada a riƙe mota a kan tudu da totur. Kana tsaye a gangaren gada kana ɗan taka mata don kada ta koma baya, kulocin tashi ne ke ta gogawa yana ɗaukar zafi. A taka birki.

Baba Direba:
Madalla. Allah ya ƙara sani. Daga yau P.

Oga Bakanike:
Tunda an dage sai an canza mai, to a yi shi da kyau. Bayan an zuba sabo akwai gasa kuloci da muke yi: a taka birki da ƙarfi, a sa D, a ba ta wuta na ɗan lokaci domin faibar ta goge ƙyallin da ta yi, sannan a sake juye man. Yana kashe karkarwa. Akwai kuma maganin da ake zubawa a man giya mai hana zamewa.

Injiniya:
Gasawar tana da asali, Oga, ba ƙirƙirarku ba ce, amma aiki ne na daƙiƙoƙi da hutu a tsakani. Wanda bai iya ba zai ƙone abin da ya rage. Ni zan bar ta sai in canjin mai bai wadatar ba, kuma a hannun wanda ya saba. Maganin zubawa kuwa ban goyi baya ba sam. Yawancinsu domin giyar otomatik ta gargajiya aka haɗa su. Abin da zai sa kuloci ya yi laushin kamu zai iya rage wa bel riƙo, ka gyara ƙaramin ciwo ka tayar da babba. Kuma bayan aiki irin wannan a sa kwamfuta ta sake koyon kamun kulocin, akwai tsarin yin hakan. In ba a yi ba za ta iya ci gaba da tashi da bugu, a ce gyara bai yi ba.

Oga Bakanike:
A maganin zubawa mun rabu, Injiniya. Na ga motar da ya ƙara wa shekara. Talaka da ba shi da kuɗin giyabos, shekara ɗaya ba ƙaramin abu ba ce a wajensa.

Injiniya:
In giyar ta riga ta gama kuma mai ita ya san caca yake yi, wannan shawararsa ce. Ta Malam ba ta kai can ba, shi ya sa nake hana shi.

Hajiya Mai Prius:
To mu masu Prius, man giyarmu fa? An ce min ba a canza shi har abada.

Rewaya:
Hajiya, a zafin ƙasarmu a canza. ATF WS na Toyota ne nata, bai kai lita 4 ba. Ba ta da sandar awo, ta ƙusar gefe ake zubawa har ya fara dawowa, mota a daidai ba a karkace ba. Dalilin da ya sa nake matsawa a kan ainihin man shi ne, a cikin giyar nan naɗin wayoyin motocin lantarki suke, man na taɓa su yana sanyaya su. Man da ya cika da garin ƙarfe ba abin da kake so kusa da waya mai ɗauke da ɗaruruwan bolt ba ne. Kuma ina roƙon kowa, duk wayar da kuka gani ruwan lemo a motar haibirid, kada yaro ya taɓa ta. Sai an zare filogin tsaro na batir, da safar hannu ta wuta, an kuma jira.

Mai Civic:
Jama'a ga yadda ake ciki. Na samu man HMMF a rufe da hatiminsa, na tsaya a kai aka yi aikin. Man da ya fito ya yi duhu yana ɗan warin ƙuna. Maganaɗisun da ke kan ƙusar ya tara wani baƙin abu mai laushi, na murza a yatsa, babu ɓarɓashi mai ƙyalli ko mai kaifi. An juye an zuba kamar yadda Injiniya ya ce. Karkarwar ta ragu ƙwarai, sai da safe kafin ta yi zafi nake ɗan jin ta. An kwance EGR, hanyarsa ta kusa toshewa da baƙi, an wanke. Fulogin baya huɗu kuwa tsofaffi ne sosai, ba irin na gaba ba. Fizgar kan hanya ta tafi. Kwamfuta ta nuna P0A7F, don haka batir na nan yana jirana.

Injiniya:
Alhamdulillahi. Baƙin abu mai laushi cin yau da kullum ne, ɓarɓashi mai ƙyalli ne ke nuna bel ko fuli sun fara ci. Ka riƙa auna man da kanka: wuri mai daidai, injin ya yi zafi, ka kashe, ka jira kamar minti ɗaya amma kada ya wuce minti ɗaya da rabi, sannan ka zaro sandar. Kuma kada ka jira ya yi duhu kafin canji na gaba. Batirin kuma kada ka ja shi da nisa, domin motar ba ta da altaneta, ta ɓangaren haibirid ɗin ake cajin ƙaramin batir.

Oga Bakanike:
Na taya ka murna, Yallaɓai. Amma karkarwar safen nan ka sa mata ido, faibar da ta ci ba ta dawowa. In ranar canji ta zo, kulocin tashin ana iya canza shi shi kaɗai idan bel da fuli na da lafiya. In kuwa giyabos za ka saya, kada ka karɓa sai ka kwance ƙusar ƙasa ka ga maganaɗisun da idonka, ka shinshina ragowar man, ka tabbatar na shekarun motarka ne, domin na 2003 zuwa 2005 dabam yake da na 2006 zuwa sama. Ka kuma yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida kafin ka biya.

Alhaji Dillali:
Akwai wanda ya kawo min Hyundai Sonata Hybrid 2012, ita ma tana bugu wajen tashi. Wane layi take bi, na Honda ko na Toyota?

Injiniya:
Ba ko ɗaya, Alhaji. Ita giyar otomatik ce mai hawa 6 ta gaske, sai dai an cire konbata an sa motar lantarki a wurin, da kuloci tsakaninta da injin. Don haka tana canza giya kana ji, kuma tana da faibar da za ta iya ci. Bugun yakan zo ne lokacin da injin ke shiga ko fita. A fara da kwamfuta mai karanta ɓangaren haibirid, ba ƙaramar nan mai karanta injin kaɗai ba, a duba man, nata SP-IV ne. Kada a zuba mata na CVT don an ji sunan haibirid.

Baba Direba:
Saura ɗaya. In Prius ɗin ta mutu min a hanya, a ɗaura mata igiya a ja ta zuwa gareji?

Rewaya:
A'a Baba, kada a ja ta da tayoyin gaba a ƙasa. MG2 a haɗe take da tayoyin kullum, in suna juyawa tana haifar da wuta, ga mota a kashe babu abin da ke sanyaya inbata. Turawa kaɗan a kauce daga kan titi ba komai. Tafiya mai nisa kuwa a ɗora ta a kan motar ɗaukar mota, in ba a samu ba a ɗaga gaban, tayoyin baya su bi ƙasa. Kafin ma a kira mai ja, a gwada ƙaramin batirin da ke but ta hannun dama, domin in ya yi sanyi motar ba za ta nuna READY ba ko da babban batirin a cike yake.